Shin Suya Tana Kashe Dafin Gyaɗar da Ta Yi Fumfuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sana'ar man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli a Garwa, na fi shekara ashirin ina yi. Nakan sayi ɓarzajjiyar gyaɗa da ragowar tsinta a hannun 'yan kasuwa saboda ta fi sauƙin kuɗi. 'Yata da ke karatu a Ngaundare ta zo hutu ta ce in daina, wai akwai dafi a irin wannan gyaɗar mai lalata hanta. Na ce mata ai sau biyu nake soyawa, kuma babu abin da wuta ba ta kashewa. Haka muka taso muka tarar da iyayenmu suna yi. Tsakanina da ita wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya kuma raya mana yarinya. Shiga tsakanin uwa da 'ya ba abin so ba ne, amma tunda kin tambaya, a wannan karon gaskiya tana wajen yarinyar. Ke ma ba ki yi kuskure duka ba. Wuta tana kashe abu mai rai, wannan haka yake. Abin da ya rage shi ne, wanda muke tsoro a cikin gyaɗa ba shi da rai balle a kashe shi.

Fumfunar da kike gani a jikin gyaɗa, mai launin kore-kore da ɗorawa kamar an barbaɗa gari, halitta ce mai rai. Masana suna kiranta Aspergillus flavus, tana kuma da 'yar'uwa mai suna Aspergillus parasiticus. A cikin ƙasar gona suke zaune, babu gonar da ba su. Idan fumfunar ta samu shiga ƙwayar gyaɗa, ga zafi ga laima, sai ta riƙa ci tana zubar da wani sinadari da ake kira afulatoksin. Da kin ɗora kasko, fumfunar ta mutu. Sinadarin da ta riga ta zuba yana nan inda yake. Kamar kunama ce, in ta harbi mutum ya sa takalmi ya murƙushe ta, ya huce haushi, amma dafin da ke yatsarsa bai san an yi ba.

Ga lissafin zafin. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas. Man da kike soya ƙuli a ciki yana kaiwa wajen 170 zuwa 180. Shi kuwa afulatoksin, kafin ya narke ya wargaje sai zafi ya kusa 270. In da za ki kai gyaɗa wannan zafin, gawayi za ki kwashe. Ba na cewa suya ba ta taɓa shi ko kaɗan. An yi gwaje-gwaje da yawa, a wasu an ga suya mai kyau ta rage rabi ko fiye, a wasu raguwar ba ta kai haka ba. To amma gyaɗar da dafinta ya ninka iyaka sau ɗari, in an rage rabi ai saura sau hamsin. Ragi ne, ba wankewa ba.

Kuma iyakar da ake magana ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin gyaɗar ci ta wuce maikurogiram 4 a kowane kilo, Amurka ta tsaya a 20. Maikurogiram 4 a kilo daidai yake da giram 4, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, a cikin buhu dubu goma masu kilo ɗari-ɗari. Abin da yake da illa a wannan ƙanƙantar ba zai yiwu ido ya gan shi ba, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Ɗacin da kike ji in kin tauna ruɓaɓɓiyar ƙwaya na lalacewar ƙwayar ne. Gargaɗi ne mai kyau, a tofar. Amma rashin ɗaci ba shaidar lafiya ba ne.

Yadda aka gano shi ma ta hanyar tunkuza ne, irin wadda kike murza ƙuli da ita. A shekarar 1960 talotalo sama da dubu ɗari suka mutu a gonakin kiwon kaji na Ingila, aka rasa gane cutar har aka sa mata suna cutar X. Da aka bi sawu sai aka tarar duk tunkuzar gyaɗa ɗaya suka ci, wadda aka shigo da ita daga Birazil. Daga nan aka tsamo dafin aka ba shi suna. Iri huɗu ne manya, B1 da B2 da G1 da G2, kuma B1 shi ne uban gayya. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa afulatoksin a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji, wato kansa, ba zato ake yi ba.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, domin a nan sana'arki take. Dafin ba ya bazuwa daidai a cikin buhu kamar gishiri a miya. A 'yan ƙwayoyi kaɗan yake taruwa. Za ki iya samun ƙwaya dubu lafiyayyu, guda biyu ko uku kuma suna ɗauke da kusan dukkan dafin buhun. Ƙwaya ɗaya tak da ta lalace sosai tana iya ɗaukar abin da zai haye iyaka ko da an markaɗa ta cikin kilo da yawa na mai kyau. Bahaushe ya ce wake ɗaya ke ɓata gari, ban taɓa ganin inda karin maganar nan ta zauna daram kamar a gyaɗa ba. Waɗanne ƙwayoyi ne? Motsattsu waɗanda ba su ƙosa ba, fasassu, waɗanda ƙwaro ya huda, waɗanda launinsu ya sauya zuwa baƙi ko ruwan ƙasa, da waɗanda in an raba su biyu ake ganin ƙura-ƙura a tsakiya.

To ki duba abin da ɗan kasuwa yake yi. Ya sayo buhuna a Gidar ko Ngong ko kasuwar Lahadi ta Pitowa, ya sa an tsince masa, ya ɗinke mai kyau ya loda ta a mota zuwa Yawunde da Duwala. Abin da aka tsince, shi ne ragowar da yake sayar miki da araha. Wato ya kwashe dafin buhu goma ya tara miki a buhu ɗaya. Ba mugunta yake nufi ba, shi ma yawanci bai sani ba, yana ganin ya rage asara ne. Amma sakamakon shi ne gyaɗa mai kyau ta tafi kudu, mu da muka noma ta mu cinye dafin. Wannan abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Haka ake yi tsakanin ƙasashe ma: mai tsabta ta haye teku domin can ana gwadawa, wadda aka ƙi ta dawo kasuwar gida.

Sai batun mai da ƙuli, wanne ya fi ɗauka? Afulatoksin ba ya son narkewa a cikin mai. In kin markaɗa kin matse, mafi yawansa a tunkuza yake zama. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, saboda haka in kin cire man, nauyin ya ragu amma dafin bai ragu da yawa ba, sai ya ƙara kauri a abin da ya saura. Shi ya sa ƙuli-ƙuli ya fi gyaɗar da aka yi shi da ita haɗari. Binciken da aka yi a kan ƙulin kasuwa a Najeriya da Binin ya sha gano dafin da ya zarce iyaka nesa ba kusa ba. Man gida ma yana ɗaukar wani kaso, musamman a lakar nan da ke kwanciya a gindin galan, domin gutsattsarin tunkuza ne. In kin bar mai ya kwanta kin tace shi da ƙyalle mai kauri, kin rage. Man kamfani ana wanke shi da soda da wata irin laka mai tsotse datti, shi ya sa kusan ba a samun komai a cikinsa.

Kuma ki tuna inda ƙulinki yake zuwa. Yara ne ke sayensa a ƙofar makaranta. Ana daka shi a yi yajin tsire, a yi kwaɗon zogale da rama. Masu kilishi, wanda Ngaundare da Garwa da Marwa suka yi suna a kansa, da tunkuza suke haɗa labu, su tsoma nama su shanya, sannan su ɗan nuna masa wuta. Wannan 'yar wutar ba ta yi wa dafin komai. Mahauci zai iya zaɓen naman cinya mafi kyau a kasuwa, ya ɓata shi da tunkuzar da bai san asalinta ba. Ga kunun gyaɗa, wanda muke ba mai jego da yaron da ake yayewa domin mun san yana gina jiki. Yana ginawa kuwa, in gyaɗar mai kyau ce.

Kin ce haka iyayenmu suka yi. Nan sai in ɗan ja. Ni na ga kakata tana aikin gyaɗa, kuma ba haka take yi ba. Daga gonar gida ake kawo mata, da ɓawonta take ajiye ta, ranar da za ta yi mai ta ɓare abin da take bukata, ta zauna da faifai a cinya tana tsinta ɗaya bayan ɗaya kafin ta kai turmi. Ba ta san sunan wata fumfuna ba, amma ba ta yarda baƙar ƙwaya ta shiga mata kasko. Injin ɓara da injin markaɗe sun sauƙaƙa mana wahala, sun kuma sa yanzu ana juye kwano goma a lokaci guda ba wanda ya kalli abin da ya shiga. Sannan kada mu manta, a zamanin nasu ma an yi ta rasa magidanta 'yan shekara arba'in, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a ce sammu ne ko an yi masa jifa. Ba wanda ya duba hantarsu. Ba zan ce duk gyaɗa ce ba, amma ruwa ba ya tsami banza.

Illar tana zuwa ta hanya biyu. Akwai ta farat ɗaya, in an ci mai yawa cikin 'yan kwanaki: amai, ciwon ciki, shawara, kumburin ƙafa da ciki, hanta ta tsaya. Ta faru a gabashin Kenya a 2004, inda mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, bayan sun ci masarar da suka noma da kansu, ruwa ya dake ta lokacin girbi aka adana ta da danshi. Ta sake faruwa a Tanzaniya a 2016. Wannan ba kullum ake gani ba. Wadda ta fi damuna ita ce ta sannu a hankali: kaɗan yau, kaɗan gobe, shekara da shekaru. Hanta ita ce matatar jiki, duk abin da aka ci ta wurinta yake bi. A ƙoƙarinta na sarrafa B1 sai ta mayar da shi wani abu mai manne wa ƙwayoyin gado na hantar kanta, ya lalata wani sashe da aikinsa shi ne hana ƙari tsirowa. Daga nan kansar hanta take samun ƙofa.

A yankinmu akwai abin da ke ƙara wa wutar fetur, wato ciwon hanta nau'in B. A wani dogon bincike da aka yi a birnin Shanghai na ƙasar Sin a kan maza sama da dubu 18, an ga wanda ke da alamar afulatoksin kaɗai a jikinsa haɗarin kansar hantarsa ya ninka kamar sau 3, mai ƙwayar cutar B kaɗai kamar sau 7, amma wanda ya haɗa biyun ya kusa sau 60. Ba tarawa suke yi ba, ninka juna suke yi. A Kamaru kuwa kusan mutum ɗaya cikin kowane goma na manya yana ɗauke da ƙwayar cutar B, kuma abin ya fi yawa a nan arewa. Akasarinsu ba su sani ba, domin tana iya shekara ashirin ba ta ce uffan ba. A 2005 aka shigar da allurar rigakafinta cikin alluran jarirai a ƙasar nan. Duk wanda aka haifa kafin lokacin, ni da ke da maigida, ba mu samu ba sai wanda ya je ya nema da kansa.

Game da yara, bari in faɗi abin yadda yake ba tare da ƙari ba. A 2002 an buga sakamakon binciken da aka yi a kan yara 480 a Binin da Togo. Kusan dukkansu, 99 cikin ɗari, an samu alamar dafin a jininsu. Waɗanda aka yaye sun ninka masu shan nono kusan sau biyu, kuma yaran da suka tsumbure sun fi sauran yawan dafin. Wannan ya tayar da hankalin masana. Sai dai daga baya an yi wani gwaji a Kenya, aka riƙa musanya wa iyalai masararsu da mai tsabta. Dafin ya ragu a jinin yaran, amma a ƙarshen gwajin tsawonsu bai bambanta da na sauran ba. Saboda haka har yanzu ana muhawara a kan ko dafin ne da kansa ke tsumburar da yaro, ko kuwa tafiya yake yi tare da talauci da gudawa da ƙarancin abinci. Ni a ganina wannan muhawarar ta masu bincike ce. Uwa ba ta bukatar a gama ta kafin ta tsince gyaɗar kunun ɗanta. A nan Kamaru ma an gwada an samu alamar dafin a fitsarin yara da manya, da cikin ƙwai da madara.

Madara ta kawo mu ga kuskuren da kusan kowa ke yi in ya fara tsinta: a watsa wa kaji, ko a zuba wa saniya a dusa. Saniyar da ta ci lalatacciyar tunkuza, ta gyaɗa ko ta auduga, ko masara mai fumfuna, cikin kwana guda wani kaso na dafin zai fito a nononta da sabuwar kama da ake kira M1. Tafasa madara ba ta cire shi, kwana da tsami a zama kindirmo ma ba ya cire shi. Kin kore shi ta ƙofa ya dawo ta taga cikin ƙwaryar fura. Abin da ya yi daɗi shi ne in an janye abincin, cikin 'yan kwanaki madarar take washewa. Kaji kuma suna rage ƙwai su rame, 'yan agwagwa da talotalo su ne suka fi saurin mutuwa. Abin da aka tsince a ƙona shi ko a binne. In ya yi yawa har kina jin zafin asarar, a matse mansa daban a yi sabulu, tunkuzar kuma a binne ta.

Za ki ji masu cewa a sa kanwa ko toka. Maganar tana da ɗan tushe: a Meziko suna dafa masara da farar ƙasa ta gini, kuma hakan yana rage dafin, a Senegal kuma masana'antu sun yi amfani da iskar amoniya wajen gyara tunkuzar da za a ba dabbobi. Amma ɗan jiƙon kanwa a kicin bai kai can ba, kuma an ga wani ɓangare na dafin da aka zaci ya mutu yana farfaɗowa in ya haɗu da tsamin ciki. Haka nan akwai wata laka ta musamman da ake haɗawa a abincin dabbobi tana kama dafin a hanji, har an gwada ta a kan mutane a Gana. Wannan ba izini ba ne ga mata masu ciki su ƙara cin farar ƙasa ta kasuwa, ita tata matsalar daban.

To me ke aiki? Abin da ke aiki ba shi da tsada, wahala gare shi. Hujjar da na fi so ta fito ne daga ƙasar Gini, an buga ta a 2005. An ɗauki ƙauyuka 20 na manoman gyaɗa a yankin Kindiya. Goma aka bar su da al'adarsu. Goma kuma aka koya musu su tsince gyaɗa da hannu, su shanya a tabarma maimakon ƙasa, su tabbatar ta bushe sarai, su zuba a buhun algarara mai shan iska, su ɗora buhunan a kan katako, su sa maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Bayan wata biyar aka auna jinin mutane. Na ƙauyukan da suka bi tsarin, dafin da ke jininsu bai kai rabin na sauran ba. Babu inji, tabarma ce da katako da maganin ƙwari da idon mace.

Ke ba manomiya ba ce, amma sanin abin da ke faruwa a gona zai taimake ki wajen saye. Tun ran gini ran zane: dafin yakan fara tun gyaɗa tana cikin ƙasa. In ruwa ya ɗauke a makonni uku zuwa huɗu na ƙarshe kafin cira, ƙasa ta yi zafi, gyaɗar ta galabaita, ɓawo ya tsattsage, gara ta huda, fumfuna ta samu hanya. Shekarar da damina ta yanke da wuri, ki ƙara sa ido ko da gyaɗar ta yi kyau a fuska. Ɗaya haɗarin kishiyar wannan ne, gyaɗar farko da ake cira ruwa bai gama ba, a tara ta tsibi ta kwana uku tana gumi. Daidai shi ne a kife ta 'ya'yan suna kallon sama har ta sha iska. Akwai kuma ɗabi'ar yayyafa wa gyaɗa ruwa kafin a ɓare don kada ta farfashe, ko don ta ƙara nauyi a sikeli. Wannan kiran fumfuna ne da babbar murya. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani abu mai suna Aflasafe, ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da irin fumfunar da ba ta yin dafi, a watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin fure, sai ta mamaye gonar ta hana mai dafin wuri. Inda aka yi amfani da shi a ƙasashe irin su Najeriya da Senegal, raguwar takan kai 80 cikin ɗari ko fiye.

A wajen saye, ki fi son mai ɓawo in da hali, ɓawon sulke ne. Ki girgiza, busasshiya tana ƙara kamar caki. Ki ɓare ki ciza, ta karye ƙaras, fatar ta saɓule cikin sauƙi in kin murza. Wadda ta lanƙwashe a haƙori da sauran ruwa a jikinta. Ki tura hannu har tsakiyar buhu, kada ki tsaya a baki, in kin ji ɗumi ko warin rima ki bar musu kayansu. Gyaɗar ajiya ana so ruwan jikinta ya sauko wajen 7 zuwa 8 cikin ɗari, masara kuwa 13. A gida kada buhu ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, musamman daga watan Yuni zuwa Satumba da iskar Binuwai ke cike da laima. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda asalin dabararsa a nan Marwa aka fara gwada ta a kan wake tare da masanan jami'ar Purdue ta Amurka, yana hana ƙwari da fumfuna domin yana toshe iska. Sharaɗinsa ɗaya ne, abin da za a zuba ya riga ya bushe. In kin ɗaure ɗanyen kaya a leda kin yi wa fumfuna ɗaki.

Tsinta kuma sau biyu za ki yi. Ta farko kafin suya, a tire, da rana ba da fitila ba. Ta biyu ita ce wadda mutane ba su sani ba kuma ta fi kama ɓarawo: bayan kin soya kin murje kin fece fatar, ki sake bazawa ki duba. Jar fatar nan tana rufa wa ƙwayoyi da yawa asiri. Da ta fita za ki ga masu tabo, masu baƙi a ciki, da waɗanda suka ƙi sakin fatarsu, duk ki fitar. Masana'antun da ke yin gyaɗar fitarwa waje wannan matakin suke bi, sai dai su na'ura mai ido ce ke tsince musu. Ba zan ce miki tsinta tana kwashe dafi duka ba, akwai ƙwayar da za ta yi kyau a ido alhali ta taɓu. Amma a duk abin da hannu zai iya yi a gida, babu wanda ya kai ta rage shi.

Na san abin da ke ranki: riba. Ragowar tsinta ita ke sa lissafi ya fita, in kin koma mai kyau kuɗin kwano ya tashi, ga maƙwabciya tana sayar da nata yadda ta saba. Ban raina wannan ba. Amma ki gwada abu ɗaya kafin ki yanke hukunci. Ki auna kwano biyar na ragowa da kwano biyar na mai kyau, ki yi musu aiki daban, ki auna man kowanne. Motsattsiyar ƙwaya ba ta ƙosa ba, manta kaɗan ne, kuma man lalatacciyar gyaɗa yana saurin yin maƙaƙi, ƙulinta yana duhu. Sau da yawa arahar ba ta kai yadda ake zato ba in an zo ƙarshen lissafi. Mata masu sana'a irin taku in kun haɗa kuɗi kuka sayi buhuna da kaka kai tsaye daga manoma, lokacin da gyaɗa ke ƙasa, kun tsallake hannun da ke tace muku dafi.

Akwai 'yan sandunan gwaji masu kama da na gwajin zazzaɓin cizon sauro, ana niƙa samfur a jiƙa a tsoma, cikin mintoci su nuna ko an haye iyaka. Tunda yarinyar tana Ngaundare, inda jami'a ke da babbar makarantar kimiyyar sarrafa abinci ta ENSAI, ta tambayi malamanta ko za a iya duba muku ƙulinku. In za ta kai, kada ta ɗebi guda uku daga saman roba. Saboda yadda dafin ke ɓuya a wuri ɗaya, sai an ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa, daga suyar ranaku daban-daban, a daka a gauraya sannan a ɗauki na gwaji.

Ke kuma, Hajiya, shekara ashirin kina ɗanɗana abin da kike soyawa, yaran gida suna cin na bakin kasko. Wannan ba ya nufin wani abu ya same ku, kada ki ɗaga hankalinki. Amma ki ɗauki maigida da yaran, har da ita mai karatun, ku je asibiti a yi muku gwajin ciwon hanta nau'in B. Ɗigon jini ne, a rana ɗaya ake samun sakamako. Wanda ba shi da ita a yi masa allura uku ya huta. Wanda aka samu da ita likita zai riƙa bibiyar hantarsa, akwai magungunan da ke danne ƙwayar cutar in an ga da bukata, kuma shi ne mutum na farko a gidan da ba za a sake ba shi ƙulin da ba a san gyaɗarsa ba.